Me ya mayar da huhun bijimin kamar hanta?

Tambaya

Wani mai kiwon turke a cikin garin Sakkwato ya aiko da wannan tambaya. Ya sayo bajimai uku a kasuwar Illela, aka ɗoro su a mota cikin tsakar rana, ya ɗaure su a gida. Kwana takwas da zuwansu ɗaya ya daina cin dusa, ya sunkuyar da kai, majina na zuba, numfashi sama-sama. Ya ɗauka gajiyar hanya ce, sai a kwana na uku da fara ciwon ya yi masa allura. Bai ga sauƙi ba, aka sa wuƙa kafin ya zama mushe. Da mahauci ya buɗe ƙirjin, gaban huhun ya yi baƙi-baƙi, ya yi tauri kamar hanta, ga wani abu rawaya-rawaya kamar soyayyen ƙwai ya manne da haƙarƙari. Ɗansa da ke karatun kimiyya ya ce masa sojojin jinin bijimin ne suka mutu a wurin. Shi ne yake tambaya: su wane ne sojojin nan, me ke kashe su, kuma me ya sa allurar ba ta cece shi ba?

Amsa

Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri, ya tsare sauran biyun. Yaronka ya faɗi gaskiya, sai dai maganar na da sauran bayani. Mutuwar sojojin jini ba abin mamaki ba ce, domin don su mutu aka yi su, kuma a jikin lafiyayyar saniya ma miliyoyinsu ke mutuwa kullum. Abin da ke raba dabbar da za ta tashi da wadda za ta kwanta shi ne irin mutuwar da suka yi. Akwai mutuwar da soja ke yi a nannaɗe da makamansa, a zo a ɗauke gawarsa ba tare da ta ɓata komai ba. Akwai kuma wadda yake fashewa, makaman su watse a kan naman da ya zo karewa. Abin da ka gani a huhun bijiminka aikin ta biyun ne.

Bari mu fara da su wane ne. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu dakon iska, akwai farare masu tsaro. Idan muka ɗebi jinin lafiyayyar saniya muka ƙirga a ɗakin gwaje-gwaje, a ɗigon da bai kai kan allura ba, wanda muke kira maikurolita ɗaya, mukan samu fararen tsakanin 4,000 zuwa 12,000. A ɓargo ake ƙera su. Uku daga cikinsu ne suka shafi maganarmu. Akwai nitirofil, mai saurin isa wurin da aka yi ɓarna, mai gajeren rai, wanda sa'o'i kaɗan yake yi a cikin jini kafin ya fita. Akwai makirofej, babba, mai daɗewa, wanda ke zaune a huhu da hanta da saifa da hantsa yana gadi yana kuma shara. Sai limfosayit, mai riƙe kamannin cuta a ka, wanda shi ne ke sa allurar rigakafi ta yi amfani. Wani masani ɗan Rasha, Eli Mecnikof, shi ya fara gane cewa ƙwayoyin jiki na haɗiye baƙin abu, a 1882, bayan ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku ya ga sun yi mata dandazo. An ba shi kyautar Nobel a 1908.

Shanu na da wani rauni a nan da ya kamata mai kiwo ya sani. A jinin mutum ko kare, nitirofil ya fi yawa. A jinin babbar saniya limfosayit ya ninka shi kusan biyu, kuma ajiyar nitirofil da ke ɓargonta ba ta da yawa. Shi ya sa idan cuta mai zafi ta afka wa saniya muka ɗebi jini a ranar farko, sau da yawa adadin nitirofil ƙasa yake yi maimakon sama. Duk sun kwarara wurin ciwon, rumbu ya yi ƙasa, ɓargo kuma sai ya ɗauki kwanaki kafin ya cike gurbin.

To, me nitirofil ke ɗauke da shi? Cikinsa cike yake da 'yan ƙunshe-ƙunshe na sinadarai masu narkar da nama. Idan ya haɗiye bakteriya sai ya kulle ta a wata 'yar jaka, ya zuba mata waɗannan sinadarai, ya kuma haɗa wani ruwa nan take wanda asalinsa ɗaya ne da bilic ɗin da ake wanke fararen kaya da shi. Wannan ruwa bai san na gida ba bai san baƙo ba. Muddin yana cikin jakar, cuta yake ci. Idan ya zube waje, huhu zai ci.

Saboda haka Allah ya tsara wa ƙwayar hanyar mutuwa mai tsabta. Idan nitirofil ya gama aiki ko ya tsufa, shi da kansa yake kunna mutuwarsa. Wasu sinadarai da ake kira kasfes su farka a cikinsa, su daddatsa kayan cikin, ya tsuke, ya yi ƙanƙane, amma fatarsa ba ta yagewa. Sannan ya juyo da wani maiƙo da a da yake ta ciki zuwa ta waje, wanda shi ne alamar da makirofej ke gani ya zo ya haɗiye shi ɗungurungum. Abin da ya fi ba ni sha'awa tun ina ɗalibi shi ne abin da ke biyo baya: makirofej ɗin da ya ci irin wannan gawa sai ya sauya hali, ya daina kiran ƙarin sojoji, ya fara sakin saƙon a lafa, a fara gyara. Wato gawar sojan ita ce takardar tsagaita wuta. Masana uku a Abadin ta ƙasar Sikotilan, Kerr da Wyllie da Currie, su suka raɗa wa wannan mutuwa suna afoftosis a 1972, daga kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye daga bishiya. Duk saniyar da ka ga ta yi tari ta warke, ko hantsarta ta kumbura ta saɓe ta koma ba da nono, ta wannan hanya jikinta ya rufe yaƙin.

Ɗaya mutuwar ita ce nekrosis. Ƙwayar ta kumbura, fata ta yage, komai ya zube. Kuma zubewar kanta kira ce: maƙwabta su ji warin ɓarna, su kira ƙarin nitirofil, waɗannan ma su zo su fashe. Mugunya ke nan. Idan ka matse ƙurji ka ga farin abu mai kauri, mafi yawansa gawarwakin nitirofil ne da narkakken nama. Ko waɗanda suka mutu da tsabta ma, idan suka yi wa masu shara yawa aka bar su yashe, daga baya su ma ruɓewa suke su fashe.

Yanzu mu dawo kan bijiminka. Yadda ka kwatanta, ciwon da ya zo bayan mako guda da doguwar tafiya, ya kama gaban huhu da ƙasansa, ya bar shimfiɗa rawaya a jikin haƙarƙari, ya yi daidai da ciwon huhun da ke bin jigilar shanu. Babbar mai haddasa shi wata bakteriya ce, Manhaimiya himolitika, wadda kafin 1999 ake lissafa ta cikin dangin Fasturela. Ba daga nesa take zuwa ba. Tana zaune a hanci da maƙogwaron lafiyayyun shanu da yawa ba tare da ta yi musu komai ba. Sai an wahalar da dabba, an cusa ta a mota da baƙin shanu, ta wuni ba ruwa, ta shaƙi ƙura da hayaƙi, wataƙila ta kwashi wani bairos na mura a kara, sannan bakteriyar ke yin yawa a hanci ta gangara huhu.

Tana isa, makirofej na huhu su yi kururuwa, nitirofil su kwararo cikin 'yan sa'o'i. Ita kuwa tana da dafi da aka yi shi musamman domin su, ana kiransa lukotoksin. Dafin na neman wani maƙali da ke jikin fararen ƙwayoyin jini mai suna CD18, ya kama, ya huda fatar ƙwayar. Idan dafin kaɗan ne, yana harzuƙa nitirofil ya yi ta fesa makamansa, daga baya ya tura shi ga mutuwa mai tsabta. Idan ya yi yawa, kamar yadda yake a tsakiyar wurin ciwon, ramukan su yi yawa, ruwa ya shiga, ƙwayar ta kumbura ta fashe cikin ɗan lokaci. Ruwan bilic ɗin nan da sinadaran narkar da nama su malale cikin 'yan jakunkunan iska. Ƙananan jijiyoyin jini su yoye, wasu su toshe da gudan jini, ruwan jini ya cika inda iska ya kamata ta shiga, ya daskare. Daskararren ruwan jinin nan, da muke kira faibirin, shi ne abin da ka gani kamar soyayyen ƙwai. Huhun da ya cika da shi da gawarwaki shi ne ya yi nauyi da tauri kamar hanta. Da ka yanki ɗan guntu ka jefa a ruwa, nutsewa zai yi, alhali lafiyayyen huhu yawo yake a sama. Idan muka duba irin wannan nama a madubin likita, mukan ga matattun fararen ƙwayoyin sun miƙe sun jeru kamar tsabar hatsi da ruwa ya ja, kuma wannan alama ce da muke gane aikin dafin da ita.

An tabbatar da wannan a shekarun 1980. Aka ɗauki maruƙa, aka rage musu nitirofil da magani kafin a sa musu bakteriyar a huhu, sai ɓarnar da aka samu ta yi ƙasa ƙwarai idan aka gwada da ta maruƙan da sojojinsu ke cike. Ba ana nufin rashin sojoji ya fi ba. Abin da gwajin ya nuna shi ne yawancin raunin huhun daga fasassun sojojin dabbar yake fitowa, bakteriyar ta san yadda za ta juya su ne kawai.

Dafin nan shanu da tumaki da awaki yake kamawa, masu tuƙa ke nan. Bai damu da fararen ƙwayoyin mutum ko doki ba, domin maƙalin nasu ya ɗan bambanta. Kuma maƙalin ba abin da dabba za ta rabu da shi ba ne, don da shi nitirofil ke riƙe bangon jijiya ya fita zuwa wurin ciwo. Akwai wata cutar gado a shanun madara na Turai, irin Holstin masu baƙi da fari, inda ake haihuwar maraƙi da lalataccen CD18. Jininsa cike da nitirofil, amma ba sa iya fita; ciwo ya kama shi, ko mugunya ba ya yi, kuma da wuya ya yi tsawon rai. An gano tushenta a farkon shekarun 1990. Na kawo ta ne don ka ga ƙofar da soja ke fita yaƙi ita ce dai inda dafin ke damƙe shi.

Shi kansa huhun saniya bai taimaka ba. Ƙarami ne idan aka gwada da girman jikinta, ya fi na doki ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma a yanke yake ɗaki-ɗaki da bango mai kauri, ba ƙofofin da iska za ta zagaya ta shiga idan hanya ɗaya ta toshe. Ɗakin da ya toshe ya tafi ke nan.

Wahalar tafiya kuma tana da nata hannun kai tsaye. Dabbar da ta firgita ko ta galabaita jikinta na sakin sinadarin kotisol. Shi kuma yana sa nitirofil su zubar da wani abin riƙo da suke mirginawa da shi a bangon jijiya, su yi ta yawo a jini ba sa isa wurin aiki da wuri, yana kuma kashe wasu limfosayit. A daidai wannan giɓi bakteriyar ke yin yawa. Kafin sojoji su iso da ƙarfi, dafi ya riga ya taru yana jiransu. Haka ma yake faruwa ga saniya a makonnin haihuwa, shi ya sa ciwon hantsa da ruɓewar mahaifa suka fi yawa a lokacin.

Daga nan amsar tambayarka ta ƙarshe ta fito. Allurar da ka yi, ko LA ce, wato oksitetirasaikilin mai daɗewa a jiki, ko fenisilin, aikinta kashe bakteriya ko hana ta haihuwa. Ba ta mayar da sojan da ya fashe, ba ta kwashe faibirin, ba ta raya naman da ya mutu. Ƙari a kan haka, ta jini magani ke tafiya, wurin da jijiyoyinsa suka toshe kuwa jini ba ya isa. A kwana na uku, ko da maganin ya kashe duk bakteriyar da ya tarar, gobarar ta riga ta ci ɗakin. Wannan ciwo a sa'o'i ake lissafa shi. Na sha ganin dabba biyu a garke ɗaya, magani ɗaya, wadda aka kama ranar da ta fara noƙe kai ta tashi, wadda aka jira ta fara nishi ba ta tashi ba. Ban faɗi haka don in ɗora maka laifi ba, Alhaji; shanu na ɓoye ciwo, kuma a zafin Sakkwato kowace dabba haki take, da wuya ido ya bambance.

Akwai wasu hanyoyin mutuwa biyu da aka gano daga baya. A 2004 masu bincike a Balin ta Jamus suka nuna cewa nitirofil na iya warware zaren gadon da ke cikinsa, wato DNA, ya watsa shi waje kamar tarun masunta, shafe da guba, bakteriya su maƙale. Yana hana cuta bazuwa, amma idan tarun ya yi yawa shi ke sa majina da mugunya su yi yauƙi su toshe hanyoyin iska, kuma lukotoksin na sa nitirofil na shanu su yi wannan. Ɗayar kuma ta makirofej ce: idan ya ji bakteriya ta kutsa cikinsa, irin Salmonela mai sa maruƙa zawo, sai ya fasa kansa da gangan, ya tona asirin mai ɓuya, ya saki sinadarin da ke tayar da zazzaɓi. An sa mata suna fairoftosis a 2001, ma'ana mutuwar wuta. Fashewa ce ita ma, amma wadda jiki ya zaɓa.

A hantsa za ka iya ganin wannan yaƙi da idonka. Nonon lafiyayyar saniya ba ya rasa fararen ƙwayoyi, amma yawanci ba sa kai 100,000 a mililita ɗaya. Idan suka haura 200,000 muna zargin cuta, idan ciwo ya yi ƙarfi kuwa miliyoyi ne, har nonon ya yi gudaji-gudaji. Nitirofil a cikin nono ba shi da kuzari, domin yana cika cikinsa da maiƙo da furotin na madara, ƙarfinsa ya ragu. Bakteriyar Sitafilokokus da ke kama shanu ita ma tana da dafinta mai huda nitirofil, sannan takan shige cikin ƙwayoyin hantsa ta ɓuya, jiki ya gina mata ƙurji ya kewaye. Shi ya sa hantsar da ta daɗe da ciwo takan yi ƙullutu mai tauri, kan nono ɗaya ya mutu. Gwajin da muke yi a ruga ma a kan gawar sojojin ya dogara: mu tatsi nono a faranti, mu zuba wani ruwa mai kama da sabulu, ya fasa ƙwayoyin, zaren cikinsu ya fito. Idan nonon ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, sojoji sun yi yawa, akwai ciwo ko da hantsar ba ta kumbura ba.

Sai kuma cututtukan da dabararsu kishiyar wannan ce, waɗanda ni a ganina sun fi haɗari gare mu, don suna tsallakowa ga mutane. Su ba sa gaggawar kashe soja. Gida suke mayar da shi.

Tarin fuka na shanu shi ne babban misali. Makirofej ya haɗiye bakteriyar kamar kullum, amma ita sai ta hana jakar da take ciki haɗuwa da jakar guba. Ta zauna lafiya, ta hayayyafa a cikin wanda ya kamata ya kashe ta. Da makirofej zai yi mutuwa mai tsabta a lokacin, da an nannaɗe ta tare da shi an miƙa wa wani ya ƙarasa ta, an kuma nuna wa limfosayit kamanninta. Sai take danne wannan hanya, har sai ta yi yawa, sannan ta tura shi ga fashewa ta fito ta kama na kusa. Jiki da ya ga ba zai iya kashe ta ba sai ya yi mata ganuwa da wasu ƙwayoyin. Tsakiyar ganuwar ta mutu ta zama wani abu fari-rawaya mai kama da cuku, a shanu kuma yakan tara alli har ya yi tsakuwa-tsakuwa. Duk wanda ya taɓa duba nama a mayanka ya san ƙarar da wuƙa ke yi idan ta ratsa irin wannan kaluluwa, kamar an yanka yashi. Saniya na iya shekaru da shi tana kiwo tana ba da nono. Tafasa madara na kashe bakteriyar; barin ta ta yi tsami kawai bai isa a dogara da shi ba.

Bakkale ma haka take. Bakteriyar Burusela na shiga makirofej ta hana shi mutuwa, ya zama abin hawanta zuwa kaluluwa, hantsa, gaɓoɓi da mahaifa. Sai saniya ta yi ɓari a watannin ƙarshe na ciki, ko gwiwa ta tara ruwa. Saboda a cikin ƙwaya take ɓoye, allura ba ta raba saniya da ita. Mai taɓa mabiyiya ko ɗan ɓari da hannu tsirara, da mai shan ɗanyen nono, na iya kamuwa da zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, a yi ta shan maganin cizon sauro a banza.

Akwai wata cuta ɗaya da dole in ambata, domin ita ma tana iya ba da irin huhun da ka gani: ciwon huhu mai yaɗuwa, wanda makiyaya suka sani sarai. Mai haddasa shi Maikofilasma ce, ƙaramar bakteriya marar ɓawo, shi ya sa fenisilin ba ya yi mata komai, don ɓawon yake kai wa hari. Tana fitar da sinadari mai ƙuna da ke raunata ƙwayoyin huhu da na tsaro, jiki kuma ya mayar da martani mai tsanani. Yawanci gefe ɗaya na ƙirji take kamawa, ruwa rawaya ya taru da yawa, in an yanka huhun a ga zane-zane, ja da toka da fari, da jijiyoyi masu faɗi a tsakani. Wadda ta tsira takan rage da mataccen yanki da jiki ya kewaye da tauri, bakteriya na raye a ciki wata da watanni. Ranar da ya fashe sai ta yi tari ta raba wa garke. Ita takan ɗauki makonni kafin ta bayyana, don haka dabba na iya zuwa da ita daga inda ta fito. Ana haɗa allurar rigakafinta a cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Bom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, kuma cuta ce da ake sanar da hukuma idan an gan ta. Ka tambayi mahaucin ko ya ga zanen nan da ruwa mai yawa a ƙirjin. Idan ya gani, kada ka kai sauran biyun kusa da shanun kowa, ka sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Abu ɗaya da ke damuna ƙwarai shi ne yadda ake haɗa deksametazon da kowace allura. Ɗan'uwan kotisol ne. Yana sauke zazzaɓi, dabba ta ɗago kai ta ci abinci, mai ita ya ji daɗi, amma a ciki yana hana nitirofil isa wurin ciwo, yana kashe limfosayit, yana iya tayar da cutar da ke kwance. Saniya mai tsohon ciki kuma yana sa ta ɓari. Yana da wurin da yake amfani, amma likita ne zai zaɓi wurin. Idan kumburi da zazzaɓi ake so a rage, akwai magunguna irin fuluniksin da melokzikam da ba sa karya garkuwa haka. Akwai kuma wasu magungunan ciwon huhu, irin tulatiromaisin, da bincike ya nuna ban da yaƙar bakteriya suna tura nitirofil na shanu ga mutuwa mai tsabta. Ɗan'uwansa tilmikosin ma haka, sai dai shi idan ya soki mutum bisa kuskure yana iya tsayar da zuciya, don haka ba na hannun kowa ba ne.

Game da naman, tunda ba a daɗe da allura ba aka yanka, akwai sauran magani a jikinsa. Kowace kwalba na ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin yanka, na LA yakan kai mako uku ko fiye. Huhu irin wannan kuma binne shi ake yi, ba a ba kare ba a sa a miya.

Sauran biyun, ka sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada. Ka auna ta dubura da sassafe kafin rana ta ɗaga, don da rana a bazara ko lafiyayyen sa zafinsa na hawa. Daidai shi ne 38 zuwa 39 da ɗan kai. Idan ka ga ya wuce 39.5 da safe, musamman in ya rage ci ko kunne ya saki, a ranar za ka nemi likita, ko a asibitin dabbobi na jiha ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ka yi haka kullum har mako uku. Ka raba musu wurin shan ruwa, ka ɗaure su a inuwa inda iska ke ratsawa, ka yayyafa ruwa a dusa da ɓawon wake don ƙura ta kwanta. Ka sa musu gishirin lasa mai ɗauke da jan ƙarfe da zinki da seleniyom, don nitirofil na buƙatar su wajen kare kansa daga gubar da yake haɗawa. Nan gaba in za ka sayo, a ɗoro su da sanyin safiya ko da yamma, kada a cushe motar, su sha ruwa kafin su hau. In sun sauka a fara musu da ruwa da harawa ko busasshiyar ciyawa, a shigo da dusa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, kaciya ko wata wahala kuma a jinkirta ta sai sun saba da gidan.